Littafin lura da halittu: kayan da yaro ke buƙata a gida

Dogon hutun makaranta a arewacin Kamaru, daga Yuni zuwa farkon Satumba, yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da tsirrai da ƙwari da tsuntsaye suka fi yawa. Iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida za su iya cin moriyar wannan lokaci da littafin lura da halittu, inda yaro ke zana abin da ya gani, ya rubuta rana da wuri.

Kayan aikin ba su da tsada, kuma ana samun su a babbar kasuwar Garoua. Na farko shi ne littafin zane marar layi, wanda masu shago ke kira "cahier de dessin". Fensir ya fi biro, domin tawada na ɓata takarda idan ta jiƙe. Sai magogi, da fensira masu launi, da rula, da leda don kare littafin daga ruwa. Ana danne ganye tsakanin tsofaffin jaridu har ya bushe, sannan a manna shi da gam. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa a auna ruwan sama, a garin da ke samun kusan milimita 1,000 a shekara.

Abin da ke ba littafin daraja shi ne kwanan wata. Yaron da ke zana gawo ɗaya kowane mako zai gano da kansa cewa yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa. Haka zai lura cewa zuwan shamuwa na tafiya da farkon ruwa. Yana da kyau ya rubuta suna da harsuna uku: kuka, ɓokki, baobab, wato Hausa da Fulatanci da Faransanci.

Sai dai a kula. Kogin Binuwai na da dorina, ruwan kududdufi na kawo tsargiya, ƙarƙashin duwatsu kuma akwai kunama. Tsakar gida da bakin gona sun wadatar, tare da babba a kusa.

Wannan aiki yana da makoma. Tun 1970 Makarantar Namun Daji ta Garoua ke horar da jami'an gandun daji na ƙasashen Afirka, irin waɗanda ke tsaron Waza da Bouba Ndjida, kuma aikinsu na farawa ne da lura da rubutawa.