Baƙi Daga Wata Duniya

Iyaye da yawa sukan damu in sun ga 'ya'yansu suna karanta labaran halittu masu zuwa daga taurari. Waɗansu ma suna tsammani zancen aljanu ne. Ba haka ba ne. Ƙagaggun labarai ne, gama har wa yau ba a sami wani mai rai a wata duniya ba. Amma mun ga akwai abin koyo a cikinsu.

A shekara ta 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, wani Ba'amurke mai suna Murray Leinster ya rubuta "First Contact." Kumbon 'yan Adam ya yi kiciɓis da na baƙi can cikin sararin sama. Ba mai son faɗa, amma kowa yana tsoron juya baya, kada a bi sawunsa a hallaka garinsu. Daga bisani suka kwance makamai, suka yi musayar kumbo, kowa ya koma gida da na ɗan'uwansa. Ashe tsoro ne abokin gābansu.

A 1949 kuma Ray Bradbury, shi ma Ba'amurke, ya rubuta "The Man." A nan 'yan Adam ne baƙin. Kyaftin Hart ya sauka wata duniya yana jiran a tarye shi da kiɗa, amma ba wanda ya kula shi, domin jiya-jiya wani mutum ya iso garin yana warkar da marasa lafiya. Hart ya ce sai an ba shi tabbaci, ya tashi kumbonsa yana farautar mutumin daga wannan duniya zuwa waccan. Mataimakinsa Martin ya gaskata, ya zauna. Ashe mutumin yana cikin garin. Marubucin bai ambaci sunansa ba, amma kowane Kirista zai gane wanda ake nufi.

Labaran nan biyu suna tambayarmu yadda muke karɓar wanda ba namu ba. Littafi Mai Tsarki ya riga su. Ibrahim ya yanka wa baƙi uku ɗan maraƙi a Mamre. Almajirai biyu kuma suka roƙi baƙon hanya ya kwana a Imuwasu, sai wajen cin abinci suka gane Ubangiji ne.

Saboda haka, iyaye, kada mu ƙwace littafin. Mu zauna mu karanta tare, sa'an nan mu tambayi yaran: in baƙo mai wani harshe ya tare kusa da gidanmu, Hart za mu zama ko Martin?