Koyon Tuƙin Ƙaramin Jirgin Sama A Tsakanin Duwatsu

Filin jirgin saman Lukla, a ƙasar Nepal, yana bisa tudun da ya haura mita 2,800, hanyar saukarsa kuwa mita 527 ce kacal. A nan iska ba ta da kauri, saboda haka ƙarfin inji yakan ragu. Ga dutse a gaba, ga kwazazzabo a baya, wato wanda ya kuskure saukar farko da wuya ya sami ta biyu. Shi ya sa ko ƙwararren matuƙi sai ya yi sauka 10 tare da malami kafin a sakar masa jirgi. Babban darasinsa shi ne juyawa tun daga nesa idan gajimare ya rufe kwari, domin hanyar lafiya a bi ta da shekara.