Kafin A Rushe Tsohon Gida, A Duba Abin Da Ke Cikinsa

Duk wanda ya bi ta Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a 'yan shekarun nan, ya ga yadda tsofaffin gidajenmu ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, benaye na tashi a gurbinsu. Ba mu ƙi wannan ba, domin iyali sun yi yawa, fili kuwa ya yi tsada a Akara. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake rushewar. Sai a kawo katafila da safe, kafin azahar an tara ƙasa da katako da kwano da ƙofofi wuri guda, a biya mota ta kwashe zuwa juji, sa'an nan mai gida ya tafi kasuwa ya sayi irinsu sababbi da kuɗi mai ciwo.

Asarar kuwa ba ta aljihu kaɗai ba ce. Masana sun ƙiyasta cewa aikin siminti ne ke fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki sama, wato iskar da ke ƙara wa duniya zafi. Dalili shi ne sai an gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin digiri 1,450 kafin a samu kilinka, uwar siminti, kuma fiye da rabin iskar daga jikin dutsen kansa take fita, sauran daga man da aka ƙona. Mafi yawan kilinkar da ake amfani da ita a Gana daga waje jirgin ruwa ke kawo ta, a niƙa a Tema da Takoradi, shi ya sa duk lokacin da dala ta motsa, buhun siminti ya motsa. Ke nan bangon da yake tsaye da lafiyarsa an riga an biya kuɗinsa, an kuma riga an ƙona wutarsa. In aka rushe shi aka sake, an biya sau biyu.

To jama'a, wannan dabara da Turawa ke ta taro a kanta yanzu, iyayenmu sun daɗe da saninta. A ƙasar Hausa, in bango ya zube ba a zubar da ƙasarsa, sai a farfasa, a jiƙa, a sake kwaɓawa a buga tubali. Azara kuwa, tun da ta giginya ce, gara ba ta cika damunta ba, akan zare ta daga rufin kaka a rufa ɗakin jika. Dubi kuma laso, simintinmu na gargajiya. Da me ake haɗa shi? Da katsi, wato abin da ake kwasowa daga gindin marina, da gashin jima da majema suka kankare daga fata, da dafara. Biyu daga cikin ukun nan sharar wata sana'a ce, amma ita ke hana ruwan sama shiga soro. Makuba ma daga ɓawon ɗorawa ake samunta bayan an cire abin ci.

Kada a ce wannan labarin da ne. A garin Dandaji da ke yankin Tawa a Nijar, jama'a sun so sabon masallaci saboda tsohon na ƙasa ya lalace. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, suka ba da shawarar kada a rushe shi. Aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon kusa da shi da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka kammala a 2018. A nan gida kuma, kamfanin Nelplast da ke Ashaiman yana narka tsofaffin ledoji ya gauraya da yashi ya buga bulon daɓe. Wanda ya tuna ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobara a gidan mai kusa da Circle, mutane fiye da 150 suka rasu, ya san ɓarnar da leda ke yi in ta toshe kwata.

Sai dai fa ba kowane tsohon kaya ne abin ɗauka ba, kuma a nan ne muke jan kunnen maginanmu. Rodin da aka ɓanɓaro daga kankare aka miƙe shi da guduma, ko wanda tsatsa ta ci, kada a kuskura a sa shi a ginshiƙi ko rufin bene. Wurinsa katanga ko kariyar taga, in ba haka ba a sayar wa 'yan gwangwan a kai shi Tema a narke. Tsohon rufin asbesto shi ma a yi hattara, ƙurarsa tana lalata huhu, ba a yanka shi ba a fasa shi. Amma ƙofar odum da katakon rufi da ba su ruɓe ba, sau da yawa sun fi na yau ƙarfi, fasassun bulo kuwa sun isa ciko a ƙarƙashin daɓe.

Abin da muke roƙon sarakunan zango da shugabannin magina ba mai wuya ba ne. Kafin katafila ta shigo, a ba kafinta da birkila kwana biyu ko uku su cire kwano da katako da tagogi da hannu, a ware abin da zai koma cikin sabon ginin. Abin da ya rage a sanar a masallaci bayan sallar Juma'a, domin ba a rasa makarantar allo mai yoyo ko gwauruwar da ke neman ƙofa. In gidan na gado ne, a yi wa kayan kuɗi a gaban magada duka, a rubuta, tun kafin a zare ƙusa ta farko.