Yadda Ɗalibin Injiniya Zai Tsara Darussansa A Jami'a

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da yara masu koyon aikin injiniya a Zariya, Bauchi, Yola ko Makurɗi. Waɗansu iyayensu ke biya musu. Waɗansu kuwa ƙungiya ce ta ɗauki nauyinsu, ana auna masara ko waken soya da kaka domin kuɗin makaranta, da begen su dawo su taimake mu a kan famfon ban ruwa da injin casa da tarakta. Amma sau da yawa mukan ji kuka iri ɗaya wurin taro: "An ce mana shekara 5, ga shi ta 6 ta shiga, yaro bai gama ba." Nan da nan sai a ce ya yi wasa. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa tun ranar rajista aka yi kuskuren.

Karatun digiri na injiniya a Nijeriya shekara 5 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB. Mai difloma yakan fara daga aji 2. Kowace shekara tana da zango 2. A farkon zango ɗalibi yakan rubuta darussan da zai ɗauka, wannan ita ce rajista. Darasin da ba a yi rajistarsa ba, ko yaro ya zauna aji kullum ya kuma rubuta jarrabawa, ba za a lissafa masa ba.

Kowane darasi yana da nauyinsa, ana kiransa yunit. Yunit 1 shi ne awa 1 ta lacca a mako, ko kuwa awa 3 a ɗakin gwaji ko wurin aikin hannu. Ka'idar da yawancin jami'o'inmu ke bi ita ce kada ɗalibi ya ɗauki ƙasa da yunit 15 a zango, kada kuma ya wuce 24. A ce yaro ya ɗauki 20, 17 na lacca, 3 na aikin hannu. Awa 26 ke nan a mako, ba a sa lokacin karatun dare, da zane, da rubuta rahoton gwaji ba. Jami'o'i kuma sukan nemi ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin a bar shi ya shiga jarrabawa. Saboda haka, iyaye, mun san hannu yakan yi ƙaranci lokacin noman farko, amma kiran yaro gida mako 3 a tsakiyar zango ya fi kuɗin ƙwadago tsada.

Ga yadda ake auna ƙoƙarinsa. A tsarin da aka fi bi, maki 70 zuwa sama A ne, yana da daraja 5. B tana da 4, C tana da 3, D tana da 2. Faɗuwa, watau F, ba ta da kome. Akan ninka darajar da yunit na darasin, a tara duka, a raba da jimlar yunit. Yaron da ya ɗauki darasi 5 masu yunit 3 kowanne, ya sami C a dukansu, yana da 45 a raba 15, watau 3.0. In ya faɗi ɗaya kaɗai, 36 ke nan a raba 15, ya sauko 2.4. Darasi mai yunit 3 ya fi mai yunit 1 ja, ko sama ko ƙasa, don haka shi ya kamata a fi ba lokaci.

Yanzu ga inda wahalar take. Darussan injiniya a ɗaure suke da juna. Akwai waɗanda ba a yarda ɗalibi ya taɓa su sai ya ci na ƙasa da su. Lissafin aji 1 yakan buɗe ƙofar lissafin aji 2, shi kuma ya buɗe ta aji 3. Darasin gudun ruwa cikin bututu, wanda mai koyon ban ruwa ba shi da makawa a kansa, yana tsaye a kan lissafi da fizis na baya. Sa'an nan darasin zangon farko a zangon farko kaɗai ake koyar da shi. Wanda ya faɗi, sai baɗi war haka.

Darasin da aka faɗi kuwa shi ake fara rubutawa a rajista ta gaba. A ce darussan wannan zango yunit 21 ne, yaro kuma yana da bashin yunit 6. Sun zama 27, sun wuce 24. Dole ya ajiye yunit 3 daga sababbin. Wanne zai ajiye? A nan ne yara kan yi kuskure, su ajiye wanda suke tsoro. A ganinmu wanda za a ajiye shi ne wanda babu wani darasi a gaba da ke jiransa. In ya ajiye mai riƙe da ƙofa, ya ƙara wa kansa shekara da hannunsa. Kuma ba dole ba ne a cika 24 ɗin. Yaron da ya faɗi darasi 2 da kaya madaidaici, ba ma tsammani ƙarin kaya zai gyara shi. Yunit 20 da aka ci sun fi 24 da aka zubar da 6 a ciki.

Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. A aji 4, zango na biyu, ɗaliban injiniya sukan bar makaranta su tafi koyon aiki na wata 6 a ma'aikata ko masana'anta. Sunan shirin SIWES, asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, shi ya fara shi. Tun da yaro ba ya aji a wannan zango, bashin darussan zango na biyu da bai biya ba a aji 3 yakan jira shi har aji 5, inda aikin bincike na ƙarshe yake jiransa shi ma. Shekara ta 6 yawanci a nan ake haifarta. Jami'a kuma ba ta jira har abada. Akan ƙara wa ɗalibi kamar rabin shekarun karatunsa ne kawai, in bai gama ba a sallame shi.

Kowane aji yana da malami mai ba da shawara, kowane sashe kuma yana da ɗan littafin da ya jera darussa da yunit nasu da waɗanda ke gaba da waɗansu. Yaro ya nemi littafin tun aji 1, ya zana shekarun nan 5 a takarda ɗaya. Ya kai wa malamin kafin ya cika rajista a shafin jami'a na intanet, ba bayan ya cika ba. Kada ya ba mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa. Lamba ɗaya in ta kuskure, wani darasi dabam aka rubuta. Akan ba da 'yan kwanaki na gyara bayan an fara lacca, ya duba takardarsa kafin su wuce.

Namu aikin kuwa shi ne kuɗi ya isa a kan kari. Yawanci shafin rajista ba ya buɗuwa sai an biya kuɗin makaranta, wanda ya makara kuma akwai tara. Ranar komawa makaranta ba ta bin kaka, musamman in yajin aiki ya motsa ta, kamar na 2022 da ya ci wata 8. Ma'aji ya tambayi ranar tun da wuri, a ware buhunan yaron dabam. Tun 2024 akwai kuma rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, ga masu karatu a makarantun gwamnati. Rance ne, za a biya, sai a zauna da iyaye a yi shawara kafin a nema.

Ƙungiyar da ke biya wa yaro ta roƙe shi takarda 2 kowane zango, ta rajista da ta sakamako. Sakatare ya aza su gefe da gefe tare da wani malamin makaranta na ikilisiya, su ƙirga yunit nawa aka ɗauka, nawa aka ci, nawa ke bashi, a rubuta cikin littafin ƙungiya.