Kafin A Harba Bindiga: Labarin Tseren Comrades Na Afirka Ta Kudu

Kowace shekara, yawanci a watan Yuni, lokacin sanyinsu, akwai abin da ke faruwa a ƙasar Afirka ta Kudu wanda yakan sa manyan mutane zub da hawaye a gaban talabijin. Da yamma, rana tana shirin faɗuwa, sai wani jami'i ya fito ya tsaya a kan layin ƙarshe na wani tsere, bindiga a hannunsa. Masu gudu suna tahowa, shi kuwa ya juya musu baya. Ga mutane ɗaruruwa a bayansa, waɗansu suna ɗingishi, waɗansu suna jan ƙafa, waɗansu kuma abokan tafiya sun riƙe su ta kafaɗa. 'Yan kallo suna ƙidayar sakan da babbar murya. Da awa 12 ta cika cif, sai ya harba bindigar sama, a tare hanya. Wanda saura masa taki ɗaya ya ƙetare layin, to, ba shi da lamba, ba kuwa za a rubuta sunansa cikin waɗanda suka gama ba. An ce jami'in yana juya baya ne domin kada ya ga fuskokinsu tausayi ya kama shi.

Sunan wannan tsere Comrades, watau abokan fama. Ana yinsa tsakanin birnin Durban da ke bakin teku da birnin Pietermaritzburg da ke kan tudu. Tsawonsa yakan kama daga kilomita 86 zuwa 90, gwargwadon hanyar da aka bi a shekarar. Domin mai karatu ya gane, ya fi nisan Kaduna zuwa Zariya. Gudun fanfalaki da muka sani, wanda waɗansu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, kilomita 42 ne da 'yan mitoci. Wannan kuwa ninki biyu ne har da ƙari. A kan sauya shi, bana a hau daga Durban, baɗi a gangaro daga Pietermaritzburg.

Yadda Abin Ya Faro

Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham, direban jirgin ƙasa, shi ne ya kawo shawarar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya yana cikin sojojin Afirka ta Kudu da suka taka kilomita wajen 2,700 da ƙafa a dazuzzukan Afirka ta Gabas, cikin zafi da zazzaɓi da ƙishirwa. A wannan fagen daga ne sojojin Nijeriya ma suka yi yaƙi, har da kakannin waɗansunmu. Da Clapham ya komo gida, abin da ya tsaya masa a rai shi ne abokansa da suka mutu, da kuma yadda waɗanda suka rayu suka riƙa tallafar juna a hanya. Ya so a tuna da su da abin da mutum zai ji a jikinsa.

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙi shawararsa a 1919, ta sake ƙi a 1920, suna ganin abin ya fi ƙarfin ɗan Adam. Bai fasa ba. Ran 24 ga Mayu, 1921, mutum 34 suka tashi daga Pietermaritzburg, 16 suka kai Durban. Bill Rowan ne ya zo na ɗaya cikin awa 8 da minti 59. Tun daga nan ba a fasa ba, sai a shekarun yaƙi, 1941 zuwa 1945, da kuma 2020 da 2021 saboda annobar korona. A 'yan shekarun nan mutum wajen dubu ashirin ne suke rubuta sunansu.

Sai dai zumuncin nan bai haɗa da kowa ba tun farko. Mata da baƙaƙen fata ba a yarda su shiga bisa ƙa'ida ba. Wata mace, Frances Hayward, ta yi gudun a 1923, wani baƙar fata kuma, Robert Mtshali, ya yi a 1935 cikin awa 9 da rabi, amma ba a ƙidaya su ba. Sai a 1975 aka buɗe ƙofa ga kowa. A 1989 Sam Tshabalala ya zama baƙar fata na farko da ya ci tseren. A 2019 aka ƙirƙiro lamba da sunan Mtshali, shekara 84 bayan gudun da aka ƙi rubutawa.

Me Suke Nema?

Masu neman na ɗaya ba su da yawa. A 2023 Tete Dijana ya gangaro cikin awa 5 da minti 13 da sakan 58, Gerda Steyn kuma a ɓangaren mata ta yi awa 5 da minti 44 da sakan 54. Irin waɗannan sun gama, sun yi wanka, sun ci abinci, alhali sauran jama'a suna can bayan gari. Fiye da rabin masu gamawa sai bayan awa 10 suke shigowa. Su ne malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da direbobi, da masu gadi, da matan aure, mutanen da sukan tashi da asuba su yi gudu kafin su tafi aiki. Ba a ɗaukar kowa sai ya fara yin gudun kilomita 42 a ƙasa da awa 5, saboda haka watanni suke yi suna shiri.

Tun da sun san ba za su zo na ɗaya ba, me ya kawo su? Kowa da burinsa, masu shirya tseren kuwa sun ba kowane buri suna. Mutum 10 na farko suna samun lambar zinariya. Wanda ya gama ƙasa da awa 7 da rabi yana samun ta azurfa. Ƙasa da awa 9, lambar Bill Rowan. Ƙasa da awa 10, lambar Robert Mtshali. Ƙasa da awa 11, ta tagulla. Wanda kuma ya shigo a awar ƙarshe, tsakanin 11 da 12, a ba shi lambar Vic Clapham. Ka lura, mai karatu: sunan wanda ya kafa tseren, na baya-baya aka bai wa.

Akwai kuma wata daraja ta masu naci. Wanda ya gama tseren sau 10, lambar da ke ƙirjinsa takan koma koriya, ta zama tasa har abada, ba a sake ba wani. Wanda ke neman na goma yakan sa rawaya, domin 'yan kallo su sani su ƙarfafa shi. Wally Hayward ya ci tseren a 1930 yana da shekara 21, ya sake cinsa sau huɗu tsakanin 1950 da 1954. Amma abin da aka fi tunawa da shi shi ne 1989, sa'ad da ya komo yana da shekara 80. A lokacin awa 11 ce iyaka. Ya shigo a awa 10 da minti 58 da sakan 3, watau ƙasa da minti biyu kafin bindiga. Ba wanda ya gama da shekaru fiye da nasa sai a 2023, da Johannes Mosehla ya gama yana da 81.

Abin Da Hanya Ke Koya Musu

Ana tashi ne da asuba, gari bai waye ba. Jama'a su rera waƙa tare, sa'an nan a sa muryar wani mai gudu na dā, Max Trimborn, yana kwaikwayon carar zakara, kamar yadda ya fara yi a 1948. Sai a harba bindigar farawa. A nan ne jarabar farko take. Jiki da ƙarfi, ga sanyi mai daɗi, ga taro yana tura mutum. Sabon shiga yakan ɗauka da zafi. Tsofaffin hannu kuwa suna tafiya a hankali, gama sun san akwai manyan tuddai biyar a gaba: Cowies, Fields, Botha's, Inchanga, da Polly Shortts. A shekarar hawa, Polly Shortts yana zuwa ne bayan mutum ya riga ya ci kilomita kusan 80. Yawancin mutane da tafiya suke hawansa, ba kuwa abin kunya ba ne.

Dalilin yana cikin halittar jiki. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, shi ne man da yake ƙonawa a gudu. Ajiyar ba ta da yawa. Wajen kilomita 30 takan ƙare in ba a ƙara ba. Mai sauri kuma ya fi saurin ƙone ta. Da ta ƙare sai ƙafafu su yi nauyi, kai ya ɗaure, masu gudu su ce mutum ya ci karo da bango. Shi ya sa ake jera tebura fiye da 40 a hanya, da ruwa, da lemo, da ayaba, da dafaffen dankali mai gishiri. Ko ruwan ma da iyaka. A 1985 Farfesa Tim Noakes na Jami'ar Cape Town ya nuna cewa shan ruwa fiye da kima a irin wannan gudu yana rage gishirin jini har ya kai mutum asibiti. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce, in ji Bahaushe.

Abu na biyu da hanya ke koyarwa shi ne, da wuya mutum ya kai shi kaɗai. Akwai abin da suke kira bas. Wannan bas ba ta da taya. Wani gwani ne yake ɗaura 'yar tuta a bayansa, an rubuta, misali, awa 11 ko awa 12, ya ɗauki alkawarin kai duk wanda ya bi shi kafin wannan lokaci. Mutane ɗaruruwa su taru a bayansa. Shi ne zai ce a yi gudu, shi ne zai ce a taka, su rera waƙa, su ƙidaya taki tare. Shi kansa zai iya gamawa da wuri, amma ya sayar da saurinsa domin waɗansu. An kuma rubuta sunan kowane mai gudu a ƙirjinsa, har baƙon da bai taɓa ganinka ba ya kira ka da suna ya ce ka daure. Kusa da Inchanga yaran makarantar Ethembeni, makarantar naƙasassu, sukan fito bakin hanya, waɗansu a keken guragu, suna miƙa hannu a tafa. Mai kukan ciwon ƙafa in ya kai nan yakan yi shiru.

Akwai kuma bas ta gaske, mai taya. An sa wuraren bincike a hanya, kowanne da lokacinsa. Wanda ya makara sai a tsai da shi, mota ta ɗauke shi. Mutane sun taɓa rasa ransu a wannan tsere, saboda haka masu magani suna tsaye ko'ina.

To, Mu Fa?

Dogon gudu ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, 'yan Jihar Filato ne suka fi yin fice cikin 'yan Nijeriya, gama iskar tudu irin ta Jos da Pankshin tana horar da huhu da jini. A 2020 miji da mata, Emmanuel Gyang da Deborah Pam, su ne 'yan ƙasa na farko da suka shigo. Mai sha'awa ya fara da tafiya, sa'an nan gudu kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa mako-mako. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, ya ga likita tukuna.

Amma akwai abin da ya shafi ikilisiya. Manzo Bulus ya zauna shekara ɗaya da rabi a Koranti, kusa da inda Helenawa ke yin wasanni kowace shekara biyu, a naɗa wa gwani rawanin ganye. Ya san tsere. A 1 Korantiyawa 9 ya tuna wa masu bi cewa a filin wasa mutum ɗaya ne ke karɓar lada, ya gargaɗe su su hori kansu. Amma da ƙarshen ransa ya zo, a 2 Timoti 4, abin da ya yi farin ciki da shi shi ne ya gama, bai kuwa ce ya riga kowa ba. Ya ma ƙara da cewa ladan ba nasa ba ne shi kaɗai.

Mu dubi majami'unmu. Mutum nawa ne suka fito ranar taron farkawa da zafi, yau ba a ganinsu? Matasa nawa aka yi wa baftisma shekara biyar da suka wuce, nawa ne suka rage? Sau da yawa muna tafa wa mai farawa, mu manta da shi sa'ad da ya kai nasa tudun: rashin aiki, ciwo mai tsawo, mutuwar miji, ko zunubin da ya ji kunyar faɗa. A lokacin ne yake bukatar wanda zai kira shi da suna. Dattawa, da Zumuntar Mata, da shugabannin matasa, wa zai ɗaura tuta ya rage saurinsa domin na baya? Wannan mako, kowa ya tuna da mutum ɗaya da ya daina zuwa sujada, ya je gidansa.

Bayan an harba bindiga a Comrades, a kan busa ƙaho irin na jana'izar soja, waɗanda suka makara su zauna a ƙasa suna kuka. Da yawa sukan komo baɗi. Ranmu ma yana da iyaka, ba mu kuwa san awarsa ba, saboda haka kada mu yi sakaci. Sai dai Ubangijinmu bai juya mana baya ba. A misalin da Yesu ya bayar cikin Luka 15, uban nan yana duban hanya ne, har ya hango ɗansa daga nesa, shi ne ma ya yi gudun. Wanda ya faɗi, ya tashi tun da sauran rana. Wanda ke tsaye, ya miƙa masa hannu.

Allah ya ba mu ƙarfin kaiwa ƙarshe. Amin.