Kayan Ɗaki a Kantin Rangwame: Inda Arahar Take da Inda Tarkon Yake

A farkon watan Satumba na 2004 kamfanin IKEA ya buɗe sabon kanti a Jidda, ya yi shela cewa waɗanda suka riga kowa isowa za a ba su takardar ɗaukar kaya kyauta. Dubban mutane suka yi dafifi a bakin ƙofa. Da aka buɗe sai aka yi turereniya, mutum uku suka rasa rayukansu. Abin da ke cikin kantin kuwa kujeru ne da labule da kofunan shayi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ƙarfin da kalmar rangwame take da shi a zuciyar ɗan Adam, kuma masu manyan kantuna sun fi kowa sanin haka.

Wanda bai taɓa shiga irin waɗannan kantuna ba, ya ƙaddara wani makeken sito mai rufin kwano, daɓensa siminti tsurarsa, babu tayil babu silin. Kantocin ƙarfe sun miƙe har kusa da rufi, kaya na jibge a kansu cikin kwalayen da suka baro masana'anta da su. Babu yaron kanti da zai tare ka da "Sannu da zuwa Alhaji, me za a kawo?" Kai za ka tura keken zuba kaya, kai za ka duba, kai za ka ɗaga, kai za ka kai mota.

Wani lauya Ba'amurke mai suna Sol Price ne ya fito da tsarin. A 1976 ya buɗe Price Club a San Diyego, cikin wani tsohon ɗakin ajiye jiragen sama. A 1983 aka kafa Costco a Siyatil bisa irin wannan tsari, kuma a 1993 kamfanonin biyu suka haɗe. Arahar Costco ta gaskiya ce, kuma ana iya bin sawunta. Kantin yana ajiye kaya kusan iri 4,000 kacal, alhali babban kantin cefane na yau da kullum a Amurka yakan ajiye wajen iri 30,000. Idan tukunya iri biyu kawai za ka sayar maimakon iri ashirin, to kowace iri za ka sare ta da yawan da zai sa mai masana'anta ya sauko maka da farashi ko yana so ko ba ya so. Ribar da suke ɗorawa a kan kaya ba ta wuce kashi 14 zuwa 15 cikin ɗari. To ina suke samun kuɗi? A bakin ƙofa. Ba a sayayya sai da katin zama mamba, wanda mafi ƙanƙantarsa a Amurka ya koma dala 65 a shekara tun 2024, kuma kaso mai tsoka na ribar kamfanin daga kuɗin katin nan yake fitowa. Ɗan kasuwar Singa ko Kantin Kwari zai gane abin da kallo ɗaya: sari ne aka buɗe wa mai sayen ɗai-ɗai ƙofarsa. Matsalar sari kuma sananniya ce. Tawul uku kake bukata, an ɗaure goma sha biyu wuri guda, ba a kwancewa.

IKEA ta wata hanya ta bi. Ingvar Kamprad ya kafa kamfanin a Suwidin a 1943 yana ɗan shekara 17. A 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya kasa shigar da tebur cikin mota, sai ya kwance ƙafafunsa ya ɗaure su a ƙarƙashi. Daga nan kamfanin ya rungumi sayar da kayan katako a kwance cikin kwali shafal. Tebur da aka haɗa, yawancin wurin da yake ci a cikin babbar mota iska ce kawai, kuma kuɗin dakon iskar nan mai saye ne yake biya. Idan aka kwantar da shi, mota ɗaya ta ɗauki abin da motoci da yawa za su ɗauka. Aikin kafinta kuma ya dawo wuyanka: a ba ka ledar sukurori da ɗan ƙaramin makulli da takardar zane, ka je gida ka durƙusa. Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Ɗan teburin nan nasu mai suna Lack, wanda ya shahara saboda araha, idan aka tsaga shi za a tarar cikinsa takarda ce da aka saƙa ramuka-ramuka, aka rufe ta da siririn allo sama da ƙasa. Ba yaudara ba ce, domin kamfanin bai ɓoye ba, kuma teburin yana ɗaukar kofi da faranti lafiya lau. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kada wani ya taka shi don ya canza ƙwan fitila.

Sai kuma masu sayar da kwantai. Kamfanin TJX, mai kantunan TJ Maxx da HomeGoods a Amurka da TK Maxx a Ingila, sana'arsa ke nan: masana'anta ta yi kaya sun yi yawa, ko wani babban kanti ya yi oda ya fasa, ko yayin launi ya wuce, sai su kwashe a farashin ƙasa. Shi ya sa a HomeGoods za ka ga madubi ɗaya tak irinsa, ko faranti biyar na saitin da ya kamata ya zama shida. Abin da ka gani yau, gobe babu shi. Kuma wannan rashin tabbas ɗin kansa haja ne, domin shi yake sa mutum ya ce gara in ɗauka yanzu kada in dawo in tarar wani ya riga ni.

Daga nan ne lissafi yake fara juyewa. Kantin da ya rage maka a kan abu ɗaya yana sa ran mayarwa a kan abubuwa tara da ba su ka zo saye ba, kuma ginin kansa an tsara shi don haka. A Costco gasasshiyar kazar da suke sayarwa dala 4.99 can ƙuryar kanti ake ajiye ta, sai ka ratsa talabijin da barguna da tukwane kafin ka kai gare ta, kuma ba sa rataye allunan da ke nuna abin da ke kowane layi. A IKEA hanya ɗaya ce mai kibiyoyi a ƙasa, tana zagaya da kai falo da ɗakin kwana da kicin da aka ƙawata kamar da mutane a ciki, sannan ta sauke ka a sashen ƙananan kaya: cokula, kyandir, fulawar roba, ƙananan matasai. Kowanne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A gaban mai karɓar kuɗi ne suke haɗa kai su zama dutse.

Tarkon da ya fi kama Bahaushe, a ganina, shi ne takardar farashi mai lamba biyu. A kasuwarmu kowa ya san kuɗin da mai kaya ya fara faɗa ba shi ne kuɗin kaya ba. Ya ce dubu hamsin, ka taya ashirin, ya ce albarka, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka. Ko yarinya aka aika Sabon Gari ta san wannan. Amma da zarar an buga lambar a takarda, an ja mata layi, an rubuta wata ƙarama a ƙasanta da jan tawada, sai mu gaskata ta farkon, mu riƙa lissafin abin da muka "tsira da shi". Alhali lambar da aka soke aikinta ɗaya da farashin farko na ɗan kasuwa, bambancin kawai a nan babu wanda za ka taya wa. An taɓa maka TJX a kotu a Kalifoniya kan irin waɗannan lambobi na kwatance. Labarin kantunan J.C. Penney ma ya fi ban mamaki. A 2012 sabon shugaban kamfanin, Ron Johnson, ya soke garaɓasar ƙarya, ya ce a rubuta farashi na gaskiya mai sauƙi kawai. Ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, a 2013 aka sallame shi, aka koma ɗaga farashi ana sokewa. Ashe masu saye sun fi son a nuna musu an rage, ko da kuɗin da za su biya bai canza ba.

Mu kam a ina muke haɗuwa da waɗannan kantuna? IKEA ba ta da reshe a Najeriya ko Nijar, a nahiyar Afirka sai Masar da Maroko. Amma alhazai da masu Umara suna shiga na Saudiyya, 'yan kasuwa da iyayen amare suna zuwa kasuwar Dragon Mart ta Dubai da aka buɗe a 2004, 'yan uwa mazauna Ingila da Amurka suna cika jakunkuna da tsaraba, kuma manyan kantunan Abuja da Legas da Kano sun koyi salon jan tawada sarai. A tsaya kusa da kantar tangaran a ɗaya daga cikinsu lokacin da ake shirin biki, za a ji irin wannan:

"Umma, kin ga wannan saitin, an rage rabi."

"Ke, ba mun sayi na tangaran biyu ba?"

"Wannan ai mai ruwan zinare ne, na cikin shogilas."

"To ɗauko. Allah Ya sa albarka."

Saiti na uku ke nan, kuma da wuya a taɓa zuba miya a cikinsa. Ba na raina jere, domin ɗakin amarya mutuncin iyayenta ne, kuma 'yan ganin ɗaki ba sa yafiya. Sai dai kuɗin saitin nan na uku da an ƙara a kan tukwane, da an sami masu kaurin gindi waɗanda za su kai ta goyon fari da na biyu.

Mai sayo kaya daga waje yana da ƙarin lissafi. Da yawa daga cikin ƙananan kayan adon nan daga Sin suke fitowa, musamman kasuwar Yiwu mai rumfuna kusan 75,000, inda fataken Kano su ma suke sari. Ba abin mamaki ba ne mutum ya yi dakon agogon bango daga Dubai ya zo ya tarar da ɗan uwansa a Sabon Gari. Ga nauyi: yawancin jirage kilo 23 suke yarda a kowace jaka, tangaran da gilashi kuma nauyi gare su, kuɗin ƙarin kilo yakan cinye ragin gaba ɗaya, ban da abin da zai fashe a hanya. Kayan wuta na Amurka an yi su ne don folt 120, namu kuwa 220 zuwa 230 ne, saboda haka na'urar markaɗen da aka aiko daga can, idan aka jona ta kai tsaye, ƙauri za a ji. Zanin gado ma haka. Katifarmu da ƙafa ake auna ta, shida da shida ko shida da bakwai, ta Turai kuwa da santimita, sau da yawa tsawonta 200. Zani mai roba a gefe da aka ɗinka don waccan ba lallai ya zauna a wannan ba. Wanda zai fita sayen labule ko kafet ya auna taga da ɗaki tun a gida, ya rubuta a takarda, ya saka tef ɗin awo a aljihu. A cikin sito mai tsayin rufi kowace kujera ƙarama take zama a ido, sai an kawo ta a ga ta ƙi shiga ƙofa.

Hausawa suna cewa araha ba ta ado, amma a nan maganar ba ta cika ba. Akwai kayan da arahar waɗannan kantuna riba ce zalla, wato duk abin da hannu zai iya gwadawa nan take. Kofin gilashi, a shafa bakinsa a ɗaga shi a haske. Cokali, a gwada lanƙwasa shi kaɗan, a duba bayansa ko an buga 18/10, alamar ƙarfe mai jure tsatsa. Tukunya, a ji nauyinta, a girgiza mariƙinta. Tawul da zanin gado, a karanta ɗan ƙyallen da ke gefe a ga auduga ce zalla ko gauraye. Kula, a rufe a buɗe a ji yadda murfin yake kamawa. Saiti kuma a buɗe kwali a ƙirga, a tambaya ko ana karɓar kaya idan an dawo da su, domin na garaɓasa sau da yawa ba a karɓa, rasit kuma a adana shi. Farantin melamin mai kama da tangaran ba a saka shi a na'urar ɗumama abinci, kuma kwanon ado mai fenti da aka rubuta a gindinsa cewa ba na cin abinci ba ne, to a bar shi a bango, domin irin wannan fenti yakan ƙunshi dalma.

Inda ya kamata a yi taka-tsantsan sosai shi ne manyan kayan katako. Yawancin masu arahar da garin katako da gam aka matsa su, aka lulluɓe da takarda mai kama da fatar itace. A busasshen ɗaki suna iya shekaru. Ruwa ne ajalinsu: a wanke daɓe ruwa ya taɓa ƙafar sif, ko rufi ya yi yoyo da damina, sai allon ya kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya gyaruwa. Ba sa son tashi ma, ramin sukuru idan an kwance sau biyu ya saki ke nan. Mai zaman haya da ke yawan sauya gida, kafintan unguwa da katakon gaske ya fi masa.

Rashin nauyinsu kuma yana da haɗarin da ya wuce asarar kuɗi. A 2016 IKEA ta janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka, ciki har da samfurin Malm, bayan sun rifto wa ƙananan yara sun kashe su. Yaro yakan jawo aljihun durowa ya taka don ya hau, nauyi ya rinjayi gaba, ta faɗo masa. Irin waɗannan durowoyi suna zuwa da wani ɗan ƙarfe na ɗaure su da bango, yana nan cikin ledar sukurori, kuma shi ne abin da masu haɗawa suka fi jefarwa a shara. A tsaya a kan mai haɗawa ya huda bango ya ɗaure shi kafin a biya shi ladansa, ko da mai gidan haya zai yi ƙorafin an ɓata masa fenti.