MADUBIN DUBA BAKIN MAHAIFA: INA IYAKAR GANINSA?

Shabu gari ne da ke bakin hanyar da ta tashi daga garin Lafiya ta nufi Akwanga, cikin Jihar Nasarawa, kuma baƙi da yawa sun san shi ne saboda Sashen Koyon Aikin Gona na Jami'ar Jihar da ke zaune a can. Ran 24 ga watan Oktoba na 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da allurar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa, Nasarawa tana cikin rukunin farko na jihohin da aka fara da su. Ashe ke nan 'yan matan Shabu masu shekara 9 zuwa 14 suna cikin na gaba-gaba da aka tanadar wa allurar a ƙasar nan. To, madalla. Amma fa allurar ta 'ya'ya ce. Iyayensu mata da gwaggonninsu, waɗanda suka yi aure tun kafin zuwanta, abin da ya rage musu shi ne awo, kuma a kan awon nan ne za mu yi bayani a wannan mako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai mata wajen 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu. Mafarinsa wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, wadda ake ɗauka ta wurin saduwa. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ne ya gano iri biyu mafi muni daga cikinta a 1983 da 1984, watau mai lamba 16 da mai lamba 18, waɗanda su ke jawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na ciwon. Yawancin matan da suka ɗauki ƙwayar jikinsu yakan kore ta da kansa. A wurin wasu kuwa sai ta zauna, ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali, ba zafi, ba jini, har shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama ciwon daji. Ga mace mai cutar ƙanjamau wadda ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Likitoci sun kasa wannan sauyi mataki uku. Wanda aka kama a ɗaya daga cikin matakan nan ana iya kawar da shi cikin 'yan mintoci, mace ta koma gida da ƙafarta.

A ce wata mata a Shabu ta je awo, aka shafa mata ruwan binega aka duba da ido, ko aka ɗebi ɗan ruwan bakin mahaifa aka gwada, sai aka ga abin da ba a gamsu da shi ba. Daga nan akan tura ta babban asibiti, a garin Lafiya ko Keffi ko Jos ko Abuja, duk inda ake da wani madubi da ake kira kolposkof da likitan da ya iya aiki da shi. Wani likitan mata a Jamus, Hans Hinselmann, shi ya fito da shi a 1925. Madubi ne mai ido biyu da fitila, a kan ƙafa yake tsaye, kuma ba ya shiga jikin mace ko kaɗan, daga waje likita yake leƙawa. Ba a yin tiyata, ba a sa barci. Likita zai shafa ruwan binega mara ƙarfi, wurin da ya lalace sai ya yi fari. Zai dubi kaurin farin, da gefensa, da yadda ƙananan jijiyoyin jini suka kwanta a ciki. Sa'an nan ya shafa aidin: lafiyayyar fata sai ta yi duhu kamar goron da aka tauna, mai cuta kuwa ta tsaya rawaya.

Hausawa sukan ce gani ya kori ji. A wannan fage dai ganin ma yana da nasa kuskuren, kuma likitoci da kansu ne suka auna shi.

A 1998 wasu likitoci a Amurka suka tattara binciken da aka yi a baya suka haɗa lissafi. Suka tarar cewa idan akwai sauyi a bakin mahaifa, madubin yakan nuna shi sau 96 cikin ɗari. Amma cikin matan da ba su da komai, 48 kacal cikin ɗari ne madubin ya wanke, sauran duk ya sa musu alamar tuhuma. Dalili kuwa shi ne ba cuta kaɗai ke yin fari ba. Kumburi yana yi, miki mai warkewa yana yi, haka ma sabuwar fata da ke tsirowa a jikin yarinya ko mai ciki.

Ita kanta 96 ɗin nan daga baya aka gane an yi mata ƙari. A tsofaffin binciken, inda ido ya nuna nan kawai ake tsinko nama a kai ɗakin gwaji, abin da ido bai gani ba kuwa babu mai ƙirga shi. Kamar ɗalibi ne ya duba takardar jarrabawarsa da kansa. Da aka yi wani bincike a lardin Shanxi na ƙasar Sin, wanda aka buga a 2004, sai aka tsinko nama har daga wuraren da suka yi kama da lafiyayyu. Cikin matan da aka tabbatar suna mataki na biyu ko fiye, kashi 57 ne kawai aka kama ta wurin da madubi ya nuna. Wani binciken kuma da aka yi a Oklahoma ta Amurka, aka buga a 2015, shi ne ya nuna inda gyaran yake. Da tsinke ɗaya an kama kashi 61 na mugun sauyi, da biyu an kama 86, da uku an kama 96. Madubin bai canza ba, likitan bai canza ba, yawan wuraren da aka gwada ne kurum ya ƙaru. Naman da ake tsinkowa kuwa bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Akwai kuma abin da shekaru ke yi. Cutar tana farawa ne a wata iyaka inda fatar waje ta haɗu da ta cikin mahaifa. Ga mace mai ƙuruciya iyakar nan a fili take. Idan al'ada ta ɗauke sai ta ja ciki, inda haske ba ya kaiwa, ta yadda dattijuwa za ta iya samun cuta alhali madubi yana nuna fata sumul. A nan dole likita ya kankaro daga ciki. Ga kuma bambancin gwaninta, gama likita biyu sukan dubi wuri ɗaya su saɓa, abin da ya sa a 2005 likitocin Suwidin suka tsara ma'auni mai alamomi biyar, ana ba da maki daga sifiri zuwa 10.

Kowane ɗaya daga kuskuren nan biyu yana da tsadarsa. Idan aka ɗauki ƙaramin sauyi a matsayin babba, za a yanke wa mace wani ɓangare na bakin mahaifa a banza, alhali yawancin sauyin mataki na ɗaya yakan warke da kansa, kuma yanka mai zurfi yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini. A ƙasar da mace 'yar shekara 30 take sa ran haihuwa nan gaba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan kuwa aka ɗauki babba a matsayin ƙarami, abin ya fi muni. A ƙasar New Zealand an bi tarihin matan da aka bari da mataki na uku ba a yi musu cikakken magani ba, aka ga kusan ɗaya cikin uku ta kamu da ciwon daji cikin shekara 30.

Mai karatu zai ce, to, ai sai a tsinko uku a huta. Haka ne, inda hali ya yi. Amma kowane tsinke sai an kai shi ɗakin gwaji, sai an biya, sai an jira, sai kuma matar ta sake neman kuɗin mota da izinin maigida ta koma karɓar sakamako, watakila ana tsakiyar haƙar doya ko girbin riɗi. A tsakanin zuwan farko da na biyu ne mata da yawa ke ɓacewa. Saboda haka ne a ƙa'idodinta na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda cewa inda babu madubin, a gwada ƙwayar HPV, a duba da binega, idan wurin ƙarami ne kuma ana ganinsa duka a ƙone shi da zafi ko a daskare shi nan take. A ganinmu wannan shawara ta dace da ƙauyukanmu. Sai dai ba ta zama hujjar likitan da ke da madubi a gabansa ya tsaya a kan tsinke ɗaya ba, balle ya sallami mace da cewa bai ga komai ba, bayan gwajin farko ya nuna alama mai ƙarfi.

Matar da aka duba da madubin tana da ikon ta tambayi likita ko ya ga iyakar nan duka, da wurare nawa ya tsinko, da ranar da za ta dawo. Kalmar "fari" ba hukuncin ciwon daji ba ce, "ban ga komai ba" kuma ba sallama ba ce har abada. Hukumar ta ce a fara awo daga shekara 30, a maimaita gwajin HPV bayan shekara 5 zuwa 10, mai cutar ƙanjamau kuwa ta fara daga 25, ta maimaita bayan 3 zuwa 5. Wadda take ganin jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari da ya ƙi tsayawa, ita ba ta cikin wannan lissafi, a kai ta asibiti cikin makon nan.